Ƙullacin 'yan'uwa a gidan da ake rainon yaro mai otizim: tambayoyi da amsoshi

Idan likita ya tabbatar wa iyaye cewa ɗansu yana da lalurar otizim, wadda wasu suke kira galahanga, hankalin gida gaba ɗaya yakan koma kan wannan yaro, kuma babu mai ganin laifin iyayen a kan haka. Sai dai a mafi yawan gidajen akwai wasu yaran, yayye da ƙanne, waɗanda su ma rayuwarsu ta sauya tun daga ranar, alhali ba a kira su ɗakin likita ba, ba a kuma tambaye su yadda suke ji ba. Tambayoyin da ke ƙasa irin waɗanda iyaye kan yi ne, tare da waɗanda 'yan'uwan kansu kan yi bayan sun girma, sau da yawa da murya ƙasa-ƙasa, domin magana ce da mutum yake jin nauyin furtawa.

Me ya sa lalurar yaro ɗaya take shafar sauran yaran gidan har haka?

Domin otizim ba irin ciwon da ake kwantar da yaro a asibiti ya warke a dawo gida ba ne. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take girma, yana bayyana tun ƙuruciya a magana da cuɗanya da mutane da yadda jiki yake karɓar ƙara da haske da taɓawa, kuma yana tare da mutum har tsufansa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi. Tun a 1943, sa'ad da likita Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya rubuta bayanin yara 11 da ya duba, ya lura da yadda suke nacewa a bar komai yadda suka saba ganinsa, kuma wannan naci shi ne yake zama dokar gida ba tare da kowa ya zauna ya kafa ta ba. Kujera ba ta matsawa daga inda take, rediyo ba ya wuce wani mizani, hanyar da aka bi jiya ita za a bi yau.

A ƙara da rashin barci, wanda yake damun rabin waɗannan yara ko fiye, da kuma ficewa daga gida ba tare da kowa ya sani ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2012 ya gano cewa kashi 49 cikin 100 na yaran da aka yi nazari a kansu sun taɓa yunƙurin sulalewa daga inda ake kula da su bayan sun kai shekara 4. Uwar da ta san haka idonta yana kan ƙofa ko da tana sauraron labarin wani ɗan nata, kuma yaron da yake ba da labarin yana ganin inda idon yake.

'Yata ta ce ta tsani ƙanenta, har ta ce da ma ba a haife shi ba. Mugun hali ne ya fara shigarta?

A'a. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, kuma babu gidan da yara ba sa jefa wa juna maganar da ta kai wannan zafi. Abin da ya sa take sukar zuciyar iyaye a nan shi ne an faɗe ta a kan yaron da ba zai iya ramawa ba. Yarinya 'yar shekara 8 ba ta da kalmomin da za ta ce ta gaji, ko ta ce tana kewar uwarta alhali rufi ɗaya ya lulluɓe su, don haka sai ta ɗauki kalma mafi nauyi da ta sani ta jefa, ta ga ko za a waiwayo.

Abin da iyaye suka yi bayan nan shi ne zai daɗe a ranta. Idan aka daka mata tsawa, aka ce ba ta da tausayi, ta koyi darasi guda: ba a yin wannan magana a gidan nan. Haushin ba zai tafi ba, zai dai koma ciki ya gauraya da jin laifi, kuma wannan gaurayen ne yake bin mutane har su yi furfura. Ya fi kyau uwa ta bari ƙura ta lafa, sannan ta zaunar da ita ta ce, "Ɗazu ranki ya ɓaci ƙwarai. Faɗa mini abin da ya faru." Yawanci amsar ƙarama ce kuma tana da suna: ya yaga mata littafi, ko an fasa fitar da aka yi mata alkawari karo na uku. Ya kamata a hana ta zagi da duka, amma ba a hana mutum jin abin da yake ji. Yaran nan galibi suna son ɗan'uwansu kuma suna jin haushinsa a lokaci guda, kuma wadda ta ce ta tsane shi da safe ita ce za ta tsaya masa da yamma idan wani yaro ya kwaikwayi yadda yake kaɗa hannuwansa.

To mene ne ainihin abin da suke ƙullata?

In aka saurare su da kyau, ba kasafai ƙullacin yake kan yaron kansa ba. A kan rabo yake. A ɗauki misalin yarinya 'yar aji huɗu da ta dawo da takardar sakamakon jarrabawa, ta zo ta biyu a ajinsu, ta riƙo takardar a hannu tun daga bakin makaranta don kada ta lanƙwashe a jaka. Ta shigo ta tarar ƙanenta yana kwance yana buga kansa da ƙasa, uwar ta durƙusa ta tare kan da tafin hannunta. Ta ce, "Umma, duba." Uwar ta ce, "Ajiye a kan tebur, 'yata, zan gani." Bayan kwana uku takardar tana nan inda aka ajiye ta, gindin kofi ya bar mata zobe a tsakiya. A wannan makon kuma ƙanen ya furta sabuwar kalma ɗaya, aka kira dangi a waya ana murna har da hawaye. Murnar tana kan hanya, domin an yi watanni ana fama kafin kalmar ta fito. Amma yarinyar ta yi nata lissafin, ta ga kalma ɗaya tasa ta rinjayi zangon karatu guda nata.

Sauran abubuwan da suke ambata ba su wuce irin wannan ba. Doka biyu a gida ɗaya, wadda ake hukunta wani a kanta a ƙyale wani. Kayan wasa da aka fasa ba a maido ba. Taron da aka baro ana tsakiyar daɗinsa saboda hayaniya ta yi wa ƙane yawa. Barcin da aka katse da ƙarfe biyu na dare alhali akwai makaranta da safe. Kuɗin da kullum ake cewa babu, amma ana samunsa idan na ganin masu koyar da magana ne. Akwai kuma kunya, wadda ta fi tsanani a shekarun balaga, lokacin da yaro ya gwammace ƙasa ta tsage ya shige da a ce abokansa sun ga ana jan ɗan'uwansa yana ihu a bainar jama'a. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba laifin yaro mai otizim ba ne, kuma 'yan'uwan sun san haka sarai, shi ya sa suke rasa inda za su sauke haushin.

Ba zai yiwu in yi musu daidai wa daida ba. Ke nan ƙullacin ba makawa?

Ba haka ba ne, kuma a nan ne aka fi samun abin da zai kwantar wa iyaye hankali. A 1997 wasu masu bincike biyu a Amurka, Amanda Kowal da Laurie Kramer, sun tambayi yara 'yan shekara 11 zuwa 13 da 'yan'uwansu game da bambancin da iyayensu suke nunawa a tsakaninsu. Cikin lokutan da yaran suka ce lallai an bambanta su, sun ɗauki kashi 75 cikin 100 a matsayin adalci, domin sun fahimci dalilin, ko shekaru ne, ko hali, ko buƙata. Waɗanda suka ga bambancin yana da hujja sun fi jituwa da 'yan'uwansu. An yi binciken ne a gidajen da babu wata lalura ta musamman, amma darasinsa ya fi aiki a inda bambancin ya zama dole. Yara suna iya ɗaukar rabo maras daidaito matuƙar an gaya musu dalili. Abin da yake cin ransu shi ne bambancin da aka bar su su fassara da kansu, domin fassarar yaro ba ta wuce ɗaya, wato an fi son wancan.

Saboda haka a riƙa faɗin dalili da baki, ko da an ga kamar a fili yake. "Ana barinsa ya tashi kafin kowa ya gama cin abinci ne domin zama wuri ɗaya yana yi masa wuya fiye da yadda yake yi maka, kuma muna koya masa, bara ko minti biyu ba ya iya yi." Jimlar ƙarshen nan tana da amfani, domin tana nuna wa yaron cewa shi ma ɗan'uwan ana neman wani abu daga gare shi.

A ganina kuskuren da ya fi yawa shi ne a sauke wa yaro mai otizim kowane nauyi. Kusan kowane yaro yana iya yin wani aiki daidai ƙarfinsa, ko da kai tufafinsa kwandon wanki ne ko goge tebur ana riƙe da hannunsa. Idan ya fasa abin wani, a maido wa mai abu abinsa, a kuma sa shi cikin gyaran gwargwadon fahimtarsa, ko da miƙa sabon da hannunsa ne kawai. Wannan tarbiyya ce a gare shi, ga ɗan'uwansa kuma shaida ce cewa dokar gidan ta hau kan kowa.

Ina yawan ce wa babban ɗana, "Ka yi haƙuri, kai ne mai lafiya." Akwai illa a wannan?

Babu mai musun darajar haƙuri, kuma gidan da ake rainon yaro mai otizim ba ya tafiya sai da shi. Illar tana zuwa ne idan haƙurin ya zama shi kaɗai ne amsar kowane ƙorafi, domin a lokacin ya koma bashin da mutum ɗaya yake biya kullum. Rabin jimlar na biyu ya fi nauyi. Abin da yaro yake ji a cikin "kai ne mai lafiya" shi ne lafiyarsa ta soke masa haƙƙin buƙata, kuma duk ranar da ya ji ciwo ko tsoro ko kewa, sai ya auna nasa da na ƙanensa ya ga bai kai a faɗa ba.

Ana iya neman haƙuri ba tare da an share ɓarnar ba. Uba yana iya cewa, "Abin da ya yi maka bai dace ba, kuma ka yi gaskiya da ka ji haushi. Ba da gangan ya yi ba, amma asararka asara ce. Gobe zan sa wa akwatinka kwado." Sai kuma a sa kwadon goben, domin yaron da aka saba yi wa alkawari a fasa ya daina sauraron magana, aiki yake kallo.

Ɗaya daga cikin 'ya'yana ba ta taɓa ƙorafi ba, ita ce ma mai taimakona. Ina da abin damuwa?

Wataƙila lafiya lau take, domin akwai yaran da Allah ya yi su da sanyin hali. Amma shiru ma magana ce. A wasu ƙasashe ana kiran irin waɗannan yara 'ya'yan gilashi, saboda iyaye suna kallo ta cikinsu su hango ɗayan yaron ba tare da sun gan su ba. Yarinyar da ta ga uwarta tana kuka a ɓoye takan yanke wa kanta hukuncin cewa ba za ta ƙara mata kaya ba, sai ta zama ta ɗaya a aji, ta daina roƙon komai, ta ɓoye har ciwon da ya kamata a kai ta asibiti a kansa. Abubuwan lura su ne yawan ciwon kai ko ciwon ciki da likita bai ga dalilinsa ba, rashin barci, janyewa daga ƙawaye, da firgita mai yawa a kan ƙaramin kuskure.

Tambayar "lafiya dai ko?" ba ta buɗe bakin irin wannan yarinya, domin amsarta a shirye take. A tambaye ta abu ƙarami mai iyaka: mene ne ya fi ba ta haushi a makon nan, ko wane abu ɗaya za ta sauya a gidan da an ba ta dama. In ta ce babu, a ƙyale ta, a sake tambaya wani makon. Idan alamun suka daɗe, ko ta fara maganar cutar da kanta, a kai ta ga likita ko masanin halayyar yara ba tare da jinkiri ba.

Yaushe ya kamata a yi wa yaran bayani, kuma da wace irin magana?

Tun sun fara tambaya, ko ma kafin haka, domin yaro ɗan shekara 4 ya riga ya lura cewa yayansa ba ya amsa kira. Inda aka bar gurbi, yaro yakan cike shi da abin da ya fi gaskiya muni. Ƙanana sukan ɗauka lalurar tana yaɗuwa kamar mura, ko kuma su ne suka jawo ta ranar da suka ture shi ya faɗi. A gaya musu a fili cewa ba a ɗaukarta, kuma babu wanda ya jawo ta, ba su ba, ba uwa ba, ba uba ba. Wannan yana da tarihi mai ɗaci: a shekarun 1950 da 1960 wasu masana sun ɗora laifin a kan sanyin zuciyar uwa, aka kuma tabbatar ƙarya ne, haka nan rahoton 1998 da ya danganta ta da allurar rigakafi mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010.

Ga ƙaramin yaro, bayani ɗaya ko biyu sun isa: ƙwaƙwalwar yayanka tana aiki daban, magana tana yi masa wuya, ƙara tana yi masa zafi a kunne. Ɗan firamare yana iya fahimtar bambanci tsakanin borin yaron da aka hana abu, wanda yake tsayawa da zarar an ba shi, da birkicewar yaro mai otizim, wadda take zuwa idan abubuwa sun yi wa jikinsa yawa kuma ba ya iya tsayar da ita ko da an ba shi duk abin da yake so. Matashi kuwa yana buƙatar a faɗa masa gaskiya game da nan gaba. Wani binciken da Beth Glasberg ta buga a 2000 ya nuna cewa iyaye sukan zaci 'ya'yansu sun fahimci abin da lalurar za ta haifar a rayuwa fiye da yadda suka fahimta a zahiri, ko da yaran suna iya maimaita sunanta da ma'anarta. Don haka bayani ɗaya ba ya isa, sai an riƙa sabunta shi yayin da suke girma. Yana kuma da kyau a ba su gajeriyar jimla da za su faɗa wa abokai, irin su "yana da otizim, shi ya sa ba ya son hayaniya", su yi amfani da ita in sun so, su yi shiru in ba su so ba.

Bincike ya nuna cewa yaran nan suna cutuwa ne?

A 2019 Carolyn Shivers da abokan aikinta sun tattara sakamakon rukunonin bincike 69, suka ga cewa a dunƙule 'yan'uwan yara masu otizim sun ɗan fi sauran yara fuskantar fargaba da ciwon damuwa da wahalar cuɗanya, amma tazarar ba mai girma ba ce. Ma'ana, da yawansu suna tasowa lafiya, wasu ma da tausayi da juriyar da suka wuce shekarunsu, wasu kuma suna shan wuya sosai. Abin da ya fi raba waɗannan da waɗancan shi ne tsananin halayen yaron, musamman duka da ɓarna, da kuma yawan gajiya da damuwar iyayen. Uwar da ta samu mai karɓarta ta yi barci ta taimaki dukan 'ya'yanta.

Yana dukan 'yan'uwansa. Me zan yi?

Wannan ba wurin haƙuri ba ne. A wani bincike na 2011 da ya shafi yara 1,380 masu otizim, iyaye sun ce kashi 68 cikin 100 sun taɓa kai hannu ga mai kula da su, don haka abin ba baƙo ba ne, kuma ba abin kunyar da za a ɓoye wa likita ba ne. Amma kasancewar duka ba da mugunta aka yi shi ba, bai rage masa zafi a jikin wanda aka daka ba.

Kowane yaro a gidan ya san abin da zai yi idan birkicewa ta fara: ya bar wurin, ya shiga wani ɗaki da aka ware, ya kira babba. Kada a ɗora wa yaro aikin riƙe ɗan'uwansa ko lallashinsa a wannan hali, kuma kada a bar ƙarami shi kaɗai da wanda aka san yana kai hannu. Bayan an lafa, a fara duba wanda aka daka kafin a shiga neman dalili, domin yara suna lura da wanda aka fara nufa. Sannan a riƙa rubuta abin da ya faru gab da kowane duka, da lokaci da wuri, na tsawon makonni biyu ko uku. Sau da yawa sai a ga zaren: yunwa, gajiya, ƙara, sauyin tsari, ko ciwon da yaron ba ya iya faɗa, kamar haƙori ko kunne ko taurin bayan gida. Da wannan rubutu ake zuwa wurin likita ko masanin halayya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da shirin horar da iyaye da masu kula da yara masu jinkirin girma, kuma akwai darussansa a intanet.

Har ina ya dace yaro ya taimaka wajen kula da ɗan'uwansa?

Taimako abu ne mai kyau, kuma yara da yawa suna alfahari da cewa su kaɗai suke gane abin da ƙanensu yake nufi. Iyakar ita ce inda taimako ya koma nauyin da in yaro ya ajiye shi gidan zai tsaya. Yarinya 'yar shekara 12 da take fashin makaranta don ta zauna da ƙanenta, ko take kwana da kunne ɗaya a buɗe, ko aka yi mata faɗa don ya fice alhali ita ma wasa take yi, an ba ta aikin uwa ba tare da ƙarfin uwa ba. Bincike ya daɗe yana nuna cewa wannan kaya ya fi faɗawa kan 'ya'ya mata, musamman manya, kuma iyaye ba sa ankara domin mai yin aikin ba ta ƙorafi. Sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya tabbatar wa kowane yaro haƙƙin hutu da wasa, bai kuma cire wanda yake da ɗan'uwa mai lalura ba.

Ma'auni mai sauƙi shi ne aikin ya kasance yana da farko da ƙarshe, a roƙa maimakon a ɗauka dole ne, a gode, kuma yaron ya san yana iya cewa yau ba zai iya ba.

Ba ni da lokacin da zan ware wa kowa. Yaya zan yi?

Ba yawan lokacin ake nema ba, tabbacinsa ake nema. Minti 15 kafin barci, kullum, da ƙofa a rufe da waya a ajiye, sun fi babbar fita da ake ta ɗagawa. Iyaye biyu suna iya rabuwa, ɗaya ya zauna da wannan, ɗaya ya je taron makarantar wancan, kuma ba laifi ba ne a je wani wuri wani lokaci ba tare da yaro mai otizim ba, musamman wurin da shi kansa azaba yake zame masa. Haɗuwa da wasu yara masu irin wannan rayuwa ita ma tana rage kaya. Tun 1982 Don Meyer ya fara shirya tarukan Sibshops a Jami'ar Washington, inda 'yan'uwan yara masu lalura suke wasa tare su faɗi abin da ba sa iya faɗa a gida, kuma ko iyalai biyu ko uku suna iya yin kwatankwacin haka a tsakaninsu.

Matashin ɗana ya tambaye ni ko 'ya'yansa ma za su samu. Me zan ce masa?

A faɗa masa gaskiya, cewa gado yana da babban hannu a ciki. Tun binciken tagwaye da Susan Folstein da Michael Rutter suka buga a 1977 aka fara gane haka, kuma manyan binciken baya-bayan nan sun kiyasta rabon gado da kusan kashi 80 cikin 100. Ga ƙannen da aka haifa bayan yaro mai otizim, nazarin da Sally Ozonoff ta jagoranta ya samu kashi 18.7 cikin 100 a 2011, sannan kashi 20.2 a 2024, wato kusan 1 cikin 5. Wannan adadi na ƙanne ne. Ga 'ya'yan ɗan'uwan da shi kansa ba shi da lalurar, yiwuwar ta yi ƙasa da haka nesa, kuma mafi yawansu ba sa samu. Wanda yake son bayani a kan nasa iyalin yana iya ganin likitan da ya ƙware a cututtukan gado.

Akwai abin da adadin nan yake tunatar da iyaye: wani lokaci yaron da aka ɗauka kishi ne yake sa shi rigima shi ma yana da tasa buƙatar da ba a gano ba, domin an auna shi da wanda lalurarsa ta fi bayyana. 'Ya'ya mata sun fi faɗawa wannan rami. In akwai shakka, a duba shi shi ma.

Na girma, ina da iyalina, amma har yau ina jin haushi, kuma iyayena sun ɗauka ni zan karɓe shi bayansu. Ina da laifi?

Ba ka da laifi a kan abin da kake ji, kuma mutane da yawa ba sa gane girman haushin sai sun haifi nasu, sun ga irin kulawar da yaro ɗan shekara 7 yake buƙata, sun tuna cewa a wannan shekarar su ne suke ba da ita. Gael Orsmond da Marsha Seltzer sun kwatanta manyan 'yan'uwan masu otizim da na masu lalurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita take jinkirta masa girma da koyo, a 2007, suka ga na farkon sun fi ƙarancin kusanci da ɗan'uwan nasu, sun kuma fi fargabar makomarsa. Dalili ɗaya a fili yake, wato zumunci yana ginuwa ne da magana da mayar da martani, kuma nan ne otizim ta fi taɓawa. Mutum yana iya shekara 30 yana hidima ga wanda bai taɓa tambayarsa ya gajiya ba.

Ana cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma yawancin 'yan'uwa ba yarwa suke nufi ba. Abin da suke so shi ne a tambaye su maimakon a yanke hukunci a bayan idonsu. Maganar makoma ta fi sauƙi tun iyaye suna da ƙarfi, a zauna da dukan 'ya'ya, maza da mata, da shi mai lalurar kansa gwargwadon yadda zai iya bayyana abin da yake so, domin da yawa daga cikin manya masu otizim suna da ra'ayi a kan inda za su zauna, wasu ma suna riƙe kansu. A fayyace inda zai zauna, da abin da za a riƙa kashe masa da inda zai fito, da wanda zai sa hannu a asibiti. Wanda gidansa ba zai ɗauke shi ba ya faɗa tun yanzu, ya kuma faɗi abin da zai iya, ko kuɗi ne duk wata, ko kai shi ganin likita, ko karɓarsa kwana biyu don mai riƙon ya huta. A roƙi iyayen su rubuta abin da su kaɗai suka sani: magungunansa da lokutansu, sunan likitansa, abin da yake tsorata shi, abin da yake kwantar da shi, da ma'anar kowane sauti da yake yi in ba ya magana, wanne ne na ƙishirwa, wanne ne na ciwo.